Ciwon Kai da Jiri ga Mai Shan Maganin Tsinka Jini Bayan Aikin Zuciya



Na san akwai waɗanda suka ga sanarwar wannan lacca suka ce, me ya haɗa malamin Hausa da zancen zuciya da jini? Dalilin a gidanmu yake. Ina da ƙanwa wadda aka yi wa aikin zuciya a ƙasar waje, aka ce za ta riƙa shan wani magani mai suna wafarin muddin ranta. Bayan dawowarta da 'yan watanni sai ta zame a tsakar gida, kanta ya ɗan bugu, ta tashi ta ci gaba da hidimarta. Bayan kamar kwana goma ta fara cewa kanta yana ciwo, jiri kuma yana ɗibarta. Muka ce gajiya ce, muka aiki yaro kemis. Sai da ta fara rikita sunayen 'ya'yanta sa'an nan muka kai ta asibiti, inda hoto ya nuna jini ya taru tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙoƙon kai. Aka yi mata aiki, Allah ya sa da sauran kwana. Ta gaya mana ciwonta da Hausar da muka iya, amma ba mu ji ba. Abin da na koya daga likitoci tun daga ranar shi zan gabatar muku.

Dalilin shan maganin

A cikin zuciya akwai 'yan ƙofofi huɗu, watau bawul, masu buɗewa su rufe domin kada jini ya koma baya. A ƙasashenmu abin da ya fi lalata su shi ne ciwon maƙogwaro na ƙuruciya wanda ba a yi masa magani ba, ya rikiɗe ya zama zazzaɓin gaɓoɓi, daga nan ya taɓa zuciya. Idan ƙofa ta lalace ƙwarai sai a musanya ta. A shekarar 1960 ne likita Albert Starr da injiniya Lowell Edwards suka yi nasarar sa wa ɗan Adam bawul na ƙira a Amurka. A Nijeriya kuwa, a Inugu aka fara aikin buɗe zuciya, a shekarar 1974.

Shi jini, da zarar ya gamu da baƙon abu, ɗabi'arsa ce ya daskare a kansa. Gudan jinin yana iya cije bawul ɗin, ko ya ɓalle ya je ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa, mutum ya sami shanyewar ɓarin jiki. Saboda haka mai bawul na ƙira, wanda jama'a ke kira na ƙarfe, tilas ya sha wafarin har ƙarshen ransa. Wanda aka sa wa na tsokar dabba kuwa, galibi na 'yan watanni ne. Akwai sababbin magungunan hana daskarewar jini, amma wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2013 ya nuna ɗaya daga cikinsu ya fi wafarin haɗari ga masu bawul na ƙira, don haka ba a ba su irin waɗannan.

Asalin wafarin

Tarihin maganin da kansa gargaɗi ne. A shekarun 1920 shanu suka riƙa mutuwa da zubar jini a Kanada da arewacin Amurka bayan sun ci wata harawa da ta yi funfuna. A 1933 wani manomi ya kai wa Karl Link na Jami'ar Wiskonsin gawar saniya da jinin da ya ƙi daskarewa. Kafin ƙarshen 1940 Link da almajiransa sun gano sinadarin da ke haddasa wannan. Daga danginsa aka fitar da wafarin, aka fara sayar da shi a 1948 a matsayin maganin ɓera. A 1954 aka yarda a ba mutane, a 1955 kuma aka ba Shugaba Eisenhower bayan ya yi ciwon zuciya. Ashe ke nan, abin da ya raba magani da guba a nan shi ne awo.

Mu kan ce masa maganin tsinka jini, amma wannan suna yana ɓad da mutane, domin jinin ba ya komawa ruwa-ruwa kamar koko. Abin da wafarin ke yi shi ne hana hanta amfani da bitamin K wajen ƙera sinadaran da ke daskarar da jini. Ana auna ƙarfin aikinsa da gwajin jini mai suna INR. Na wanda ba ya shan maganin kusan 1 ne. Ga mai bawul na ƙira akan nemi tsakanin 2 da 3, ko tsakanin 2.5 da 3.5, gwargwadon ƙofar da aka musanya. Idan awon ya yi ƙasa, jini ya daskare. Idan ya haura, jini ya zuba, wani lokaci a inda ido ba ya gani.

Abin da ke rikita awo

Ganyaye kore, irin su alayyafo da kabeji da zogale, suna ɗauke da bitamin K, saboda haka suna rage ƙarfin maganin. Ba a hana cin su ba. Abin da ake so shi ne kada a yi wata guda ba a ci ba, sa'an nan damina ta faɗi a kama ci safe da yamma. Flagyl da Septrin suna haura awon ƙwarai, shi kuwa rifamfisin na tarin fuka saukar da shi yake yi. Gudawa, zazzaɓi, rashin cin abinci da barasa duk suna taɓa shi. Haka nan jiƙe-jiƙe da tsime-tsime, waɗanda mai haɗa su ma ba ya iya faɗin ƙarfinsu.

Wane ciwon kai, wane jiri?

A nan ne harshe ya shigo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya faɗa daidai likita zai gane. Hausa ba ta rasa kalmomi ba. Akwai wanda zai ce idan ya miƙe tsaye idonsa kan yi duhu, in ya zauna ya warware. Wannan sau da yawa saukar jini ne, daga magungunan fitsari ko na hawan jini, ko ƙarancin ruwa a jiki lokacin zafi. Akwai mai cewa hajijiya yake ji, ɗaki na juya masa. Wannan kan fito daga cikin kunne, amma yana iya zama daga ƙwaƙwalwa. Akwai mai jiri tare da kasala da haki da farin ido, wanda ke nuna jini yana tsiyaya a hankali, ko ta hanji, inda bayan gida kan yi baƙi kamar kwalta, ko ta yawan jinin al'ada. Akwai kuma mai jiri da faɗuwar gaba, alamar bugun zuciya ya rikice. Duk waɗannan a kai su ga likita ba tare da jinkiri ba.

Akwai kuma alamun da ba a jiran gari ya waye: ciwon kai mai tsanani da ya faɗo farat ɗaya, ciwon kai da ke ƙaruwa kullum, musamman bayan faɗuwa, ko da an yi makonni, amai, yawan barci ko ruɗewa, karkacewar baki, nauyin harshe, mutuwar hannu ko ƙafa, gani biyu-biyu, tangaɗi, farfaɗiya. Lalle ne a lura cewa zubar jini a ƙwaƙwalwa da toshewar jijiyarta kamanninsu ɗaya a ido, maganinsu kuwa kishiyar juna ne. Hoton ƙwaƙwalwa na CT da gwajin INR su ke rabewa. Idan zuba ce, akwai makari: allurar bitamin K, da ruwan jini ko sinadaran daskarewa da ake ƙara wa majinyaci.

Kurakurai uku

Na farko, sayen maganin ciwon kai a kemis ko a tiren mai talla. Asfirin, ibufurofen da dikilofenak suna ƙara haɗarin zubar jini, kuma da yawa daga cikin gaurayen ƙwayoyin ciwon jiki suna ɗauke da su. Farasitamol ya fi sauƙi, amma shi ma idan aka daɗe ana sha da yawa yana haura awo. Wanda likitan zuciya ya rubuta wa asfirin da kansa, wannan dabam ne.

Na biyu, zuwa wurin wanzami. Mun saba da ƙaho a ƙeya domin ciwon kai, amma tsaga ga mai shan wafarin ƙofar jini ce mai wuyar rufewa. Ko haƙori za a cire, sai an sanar da likita tukuna.

Na uku, tsorata a daina shan maganin, ko a rage, ko a ninka don an manta na jiya. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Kammalawa

Ɗalibai, yawancinku ku ne masu karanta takardar asibiti a gidajenku. Ma'aikata kuwa, ku ake nema idan za a biya kuɗin mota da na gwaji. Roƙona shi ne kowane mai shan wafarin ya mallaki ɗan littafi, a rubuta sunan maganin, da adadin da yake sha, da awon da aka ce ya tsaya a kai, da ranar gwaji na gaba, ya riƙa yawo da shi a aljihu. Duk ranar da kansa ya bugu, komai ƙanƙantar bugun, a kai shi asibiti a ranar. In kun isa, maganar farko da za ku faɗa wa ma'aikacin da ya tare ku ita ce: yana da bawul na ƙarfe, yana shan wafarin.