Satiru, 1906: Sunan da Muke Ba Abin da Ya Wuce



Duk mai waiwayen tarihi, kafin ya kawo hujja ya riga ya zaɓi kalma, kuma sau da yawa kalmar ce ke yanke hukunci. Matsayina shi ne, sauya wa al'amari suna ba ya zama bita ta gaskiya sai sabon sunan ya ɗauki hujjar da tsohon ya zubar. Bari mu gwada da Satiru.

Satiru ƙauye ne a kudu da Sakkwato. A Fabrairun 1906, shekara uku bayan Turawa sun ci birnin, mutanen ƙauyen, masu jiran bayyanar Mahadi, suka afka wa rundunar da aka tura musu da gatura da fartanyu da kibau. Suka kashe Turawa 3 da sojoji sama da 20, suka ƙwace bindiga mai ruwa. Cikin jagororinsu akwai Ɗan Makafo, makahon malamin da ya tsero daga yankin da Faransa ke mulki. A watan Maris aka dawo da ƙarfi, tare da dawakin Sarkin Musulmi Attahiru na biyu, aka kashe kimanin mutum 2,000, aka rushe garin, aka la'anci duk wanda zai sake gini a wurin.

Rahotannin Turawa sun kira wannan tawaye. To, tawaye sai ga halattaccen shugaba, mulkin da bakin bindiga ya kafa shekara uku kacal kuwa, wa ya yi masa mubaya'a? Bayan samun 'yancin kai, masana irin su R. A. Adeleye, wanda littafinsa na 1971 ya tsaya daidai kan 1906, suka sa Satiru cikin jerin gwagwarmaya da mamayar Turawa. An ci gaba, babu shakka. Amma idan faɗan tsakanin 'yan ƙasa ne da baƙi kawai, me ya kai mahayan fada fagen? Binciken Lovejoy da Hogendorn na 1990 ya nuna cewa da yawa daga mutanen Satiru talakawa ne da bayin da suka gudu daga iyayen gijinsu, kuma fushinsu bai tsallake sarakuna ba. Ke nan Satiru ta razana fada kamar yadda ta razana bariki. Kalmar gwagwarmaya tana mana daɗin baki, amma ta rufe wannan.

Wani zai ce ina auna matattu da mudun yau. A'a, hujjar ta zamaninsu ce, kuma ita ce ke tilasta mana jin ta bakin fada. Sarkin Musulmi ya ga yadda yaƙi da Turawa ya ƙare a Burmi a 1903, sannan a idon malamansa da'awar Mahadiyyar ƙarya fitina ce da ya wajaba a kashe. Ba sai mun yarda da hukuncin ba, amma fitina ita ma shaida ce ta yadda masu mulki suka ga lamarin.

Wani kuma zai ce ai kowane zamani raɗa sunan da ya ga dama yake yi. Ba haka ba ne. Masanin tarihi Murray Last bai bar kiran daular Sakkwato da sunan Daular Fulani a 1967 don ya faranta wa kowa ba. Ya karanta wasiƙun Larabci na gidan Wazirin Sakkwato ne, ya tarar masu daular suna ganin halifanci suke gudanarwa, da mubaya'a da tuta da alƙalai. Takardu ne suka kori tsohon sunan. Haka Satiru ke buƙata, domin tawaye da gwagwarmaya da fitina duk suna magana ne a kan mazan da suka ɗauki makami. Babu ɗaya cikinsu da ta ce komai game da mata da yaran da aka kwashe bayan an rushe garin, ko gidajen da aka rarraba su.