Mayu da Namun Daji: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Tsofaffin Ɗalibai a Jibiya



Na san ba ku manta daren da mujiya ta sauka bisa kwanon ɗakin kwananmu ba. Har aka kira asuba ba wanda ya fita kewayawa, har da firfet ɗin da ke cika mana baki da rana. Abin da muka taso muna ji shi ne mujiya tsuntsuwar mayu ce, maye kuma da ƙanƙara a cikinsa, yana kama kurwar mutum, da dare ya rikiɗa ya zama kura. Ku tsallaka Magama ku shiga Ɗan Isa har Maraɗi, labarin ke nan, sai dai kowane ɓangare na cewa mayun ƙetare sun fi iya ta'asa.

To, ashe Turawan da suka kawo mana boko su ma sun sha wannan ruwa. A ƙauyukan Ingila, zomo ne ake cewa mayya na rikiɗa ta zama. Wai maharbi zai raunata zomo a daji, in ya bi sawun jini sai ya tarar da tsohuwa a bukka tana ɗaure ƙafa. Ba a tatsuniya abin ya tsaya ba: a 1612 an rataye mutum 10 a garin Lankasta bisa zargin maita, sai a 1735 majalisarsu ta hana gurfanar da kowa kan wannan zargi.

Ku duba wa ake nunawa da yatsa, can da nan. Yawanci tsohuwa ce matalauciya, wadda ba ta da mai tsaya mata. Yaro na fama da zazzaɓin cizon sauro, yana sambatu ya ambaci sunanta, sai a jawo ta a ce ta tsallake shi. Lokacin da ya kamata a kai shi asibiti ya wuce, ita kuma an ɓata mata suna har jikoki. Mujiyar da muke jifa kuwa, ɓerayen da ke ɓarnar hatsi take ci.

Yawancinmu yanzu malamai ne, ma'aikatan lafiya da masu unguwa. In irin wannan ƙara ta zo gabanku, ina roƙo a fara kai yaron awon jini kafin a taɓa tsohuwar.