Yadda Birnin Doha Ya Tarbi Annobar Korona

Ran Asabar, 29 ga watan Fabrairu na shekarar 2020, hankalin duniya yana kan Doha, babban birnin ƙasar Ƙatar, amma ba saboda wata cuta ba. A ran nan ne wakilin Amurka, Zalmay Khalilzad, da wakilin ƙungiyar Taliban, Mulla Abdul Gani Baradar, suka sa hannu a yarjejeniyar da aka yi fatan za ta kawo ƙarshen yaƙin Afganistan. Manema labarai daga ko'ina sun cika otal ɗin Sheraton, ana ta musafaha, ana ɗaukar hotuna. A wannan rana ce kuma Ma'aikatar Lafiya ta ƙasar ta ba da wata gajeriyar sanarwa, cewa an sami mutum na farko mai ɗauke da cutar korona a Ƙatar, watau wani ɗan ƙasar mai shekara 36 wanda aka kwaso daga Iran. Kafin a yi mako uku an rufe makarantu da masallatai, musafaha kuwa ta zama abin gudu.

Labarin bai zo wa mutanen Doha a ba-zata ba. Tun ƙarshen watan Disamba na 2019 ake jin wani baƙon ciwon huhu ya ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin, amma Sin da nisa take. Abin da ya tsinka zukata shi ne bayyanar cutar a birnin Ƙum na Iran ran 19 ga Fabrairu, domin ba abin da ya raba Ƙatar da Iran sai ruwan tekun Fasha. Sa'an nan ran 27 ga wata Sa'udiyya ta dakatar da shigar masu Umara daga ƙasashen waje. Duk wanda ya ji an tare hanyar Makka ya san ba wasa ake yi ba. A wannan makon ne ma Nijeriya ta sami nata na farko, wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas.

Kafin a gane irin fargabar da ta kama Doha, sai an san su wane ne mazaunanta. A lokacin, Ƙatar tana da mutum wajen miliyan 2 da dubu 800, amma 'yan asalin ƙasar ba su wuce kimanin mutum ɗaya cikin goma ba. Sauran duk baƙi ne da neman abinci ya kawo su: daga Indiya, da Nepal, da Bangladesh, da Filifin, da Pakistan, da Masar, da Sudan, da Kenya, da Uganda, har da Gana da Nijeriya. Cikinsu akwai likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a, amma mafi yawa leburori ne, da direbobi, da masu gadi, da masu aikin gida. Saboda haka ko da yake cutar ɗaya ce, tsoron da ta haifar iri-iri ne. Kowa da abin da yake hana shi barci.

Waɗanda ke da wadata, tsoronsu na farko shi ne na cutar kanta. Aka yi dafifi a kantunan sayar da magani ana neman takunkumin rufe hanci da baki da ruwan tsabtace hannu, har sai da Ma'aikatar Ciniki ta ƙayyade farashin ruwan don kada 'yan kasuwa su tsawwala. Likitoci suka shiga gargaɗi a bar musafaha, a bar gaisuwar haɗa hanci irin ta Larabawan yankin, a kuma rage zaman majalisa inda maza ke taruwa da dare suna shan gahawa. Jita-jita kuwa ta sami ƙofa a wayoyin hannu: wannan ya ce tafarnuwa magani ce, wancan ya ce zafin bazara zai kashe ƙwayar cutar. Hukuma ta buɗe lambar waya ta musamman, 16000, domin duk mai tambaya ko mai jin alamun ciwo ya buga.

Abin mamaki, tsoron yankewar abinci, wanda ya sa aka yi ta wawar kaya a kantunan London da Sidni, bai daɗe a Doha ba. Dalili kuwa shi ne birnin ya riga ya sha irin wannan tun da fari. A watan Yuni na 2017, Sa'udiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Bahrain da Masar suka yanke hulɗa da Ƙatar, aka rufe iyakarta ɗaya tilo ta ƙasa, wadda ta nan ne abinci mai yawa yake shigowa. A ran nan mutane sun ruga kantuna sun kwashe madara da shinkafa. Daga baya gwamnati ta buɗe sababbin hanyoyin jiragen ruwa zuwa tashar Hamad, ta tanadi rumbunan abinci, kamfanin Baladna ya yi jigilar shanun tatsa cikin jiragen sama, har ƙasar ta wadatu da madarar kanta. To, da annoba ta zo a 2020, mutane suka ga kantuna cike, sai hankali ya kwanta. Wahalar jiya ta zama rigakafin yau.

Ranar da al'amarin ya sake kama ita ce 11 ga watan Maris. A ran nan ne shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Dokta Tedros Adhanom Ghebreyesus, ya ce cutar ta zama annobar da ta game duniya. A ran nan ne kuma Ƙatar ta sanar da sababbin masu cutar har 238 a yini ɗaya, alhali kuwa kafin nan duka-duka 24 ne. Waɗannan mutane ba matafiya ba ne da suka dawo daga yawon buɗe ido. Ma'aikata ne baƙi da ke zaune a rukunin gidaje ɗaya. Cikin kwanakin da suka biyo baya umarni ya yi ta fitowa bi da bi: aka tsai da jirgin ƙasa na cikin birni da motocin safa, aka hana baƙi shigowa ta filin jirgin saman Hamad, Sarkin Ƙatar, Shaikh Tamim bin Hamad Al Sani, ya ware Riyal miliyan dubu 75 don tallafa wa tattalin arziki. Kusan kullum mutane kan zauna gaban talabijin suna jiran Lulwa Al-Khatir, mai magana da yawun kwamitin ƙoli na kula da bala'o'i, ko Dokta Abdullatif Al-Khal na asibitin Hamad, su ji abin da aka wayi gari da shi.

A kudu maso yammacin Doha akwai wata makekiyar unguwa ta masana'antu, wadda ma'aikata ke kira Sana'iyya. Yawancin titunanta ba su da suna, sai lamba. A nan garejoji suke, da ɗakunan ajiya, da gidajen kwanan dubban ɗaruruwan leburori. A tsakiyar watan Maris aka killace ta tun daga titi na 1 har zuwa na 32, aka sa 'yan sanda a mashigai, ba shiga ba fita. Shawarar da duniya duka take bayarwa a lokacin ita ce kowa ya zauna a gida, ya kuma nisanci ɗan'uwansa. Amma 'yan jarida da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun sha nuna cewa a gidaje da yawa na unguwar mutum takwas ko goma ne ke kwana ɗaki ɗaya, a gadaje masu hawa biyu, suna tarayya a madafa da makewayi. Ina wurin nisantar? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Lebura kuwa, ba mutuwa ce babbar damuwarsa ba, domin galibinsu samari ne majiya ƙarfi. Damuwarsa albashi. Da yawa sun ci bashi mai nauyi kafin su biya dillalan da suka samo musu aikin, ga kuma iyaye da mata da 'ya'ya a gida suna jiran aike a ƙarshen kowane wata. Idan aiki ya tsaya, wa zai biya? Idan mutum ya ce yana jin zazzaɓi, asibiti za a kai shi ko jirgi za a sa shi? A ƙarshen watan Maris ma aka rufe shagunan canji da aika kuɗi, aka ce a koma aikawa ta wayar hannu, abin da ya zama sabon karatu ga wanda ya saba bin layi ran Jumma'a da kuɗinsa a hannu. A watan Afrilu ƙungiyar Amnesty International ta ba da rahoton cewa an kama wasu 'yan Nepal da sunan za a yi musu gwaji, amma aka mai da su ƙasarsu. Gwamnati ta ce laifi aka same su da shi. Ko yaya dai gaskiyar take, irin wannan labari yakan sa mara lafiya ya ɓoye ciwonsa.

Hukumomi sun gane haɗarin haka, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awai: direban da ya kwana a Sana'iyya shi ne zai kai kaya kantin da uwargidan attajiri ke cefane. Aka sanar cewa gwaji da magani kyauta ne ga kowa, ɗan ƙasa da baƙo, kuma duk ma'aikacin da aka killace za a biya shi albashinsa cikakke. Aka ware Riyal miliyan dubu 3 na lamunin bashi ga kamfanoni don su biya ma'aikata, aka keɓe asibitin Hazm Mebaireek da ke unguwar don masu cutar, aka kuma riƙa ba da bayani cikin harsunan ma'aikatan. Sai dai umarni daban, aiki da shi daban. A watan Agusta ƙungiyar Human Rights Watch ta nuna cewa ma'aikata da dama an jinkirta musu albashi, wasu an zaftare, wasu ba a biya su sam ba.

Akwai kuma damuwa ta uku wadda ta haɗa mai kuɗi da talaka, watau ta ibada. Ran 17 ga Maris Ma'aikatar Wakafi da Harkokin Addini ta rufe masallatai, har da sallar Jumma'a. Ladanai suka ci gaba da kiran salla, amma kowa yana yi a gidansa. Malamai suka tuna wa jama'a yadda Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya juya daga hanyar Sham sa'ad da ya ji annoba ta ɓarke a can, bayan ya shawarci Sahabbai. Azumi ya kama ran 24 ga Afrilu, ba asham a masallaci, ba kuma rumfunan buɗa-baki inda dubban leburori suka saba samun abinci kyauta kowace yamma. Mutane sun ji zafin abin ainun, amma ba a yi bore ba.

A ƙasar Hausa kuwa ba haka aka kwashe ba. A Yamai matasa sun yi zanga-zanga a watan Afrilu saboda hana sallar jam'i da dokar hana fitar dare. A Kano mutane da yawa sun ɗauki cutar ta masu hawa jirgin sama ce, har zuwa lokacin da masu haƙar kabari suka fara ba da labarin yawan mace-mace, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa dokar kulle a jihar ran 27 ga Afrilu. Ba wai mutanen Doha sun fi na Kano hankali ba ne, ko kuwa na Kano sun fi su son salla. A Ƙatar masallatai suna ƙarƙashin ma'aikata ɗaya, murya ɗaya ake ji, wanda aka ce ya zauna a gida kuma yana ganin asibiti da abinci. A Kano kuwa mai neman na yau a yau aka ce ya rufe ƙofa, ga shi kuma ba a manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara lokacin sanƙarau na 1996 ba. Inda amana ta taɓa tsagewa, gargaɗin likita yakan sha wuya kafin ya shiga kunne.

Da cutar ta ƙi lafawa, Ƙatar ta tsaurara. Daga 17 ga Mayu sa takunkumi ya zama dole, wanda ya ƙi kuwa ana iya ɗaure shi har shekara uku, ko a ci shi tarar Riyal dubu 200. Daga 22 ga wata kuma kowa sai ya sa wata manhaja mai suna Ehteraz a wayarsa, wadda ke nuna launin kore ga mai lafiya, ja ga mai cutar. Nan ma sabon ƙorafi ya taso. Masu ilmi suna tambayar wa zai ga asirin wayoyinsu, musamman da Amnesty ta gano wata kafa da za a iya satar bayanan mutum fiye da miliyan ɗaya ta cikinta, kafin a toshe ta. Lebura kuwa tambayarsa ita ce ina zai sami kuɗin wayar da manhajar za ta hau.

A ƙarshen Mayu ana samun sababbin masu cutar wajen dubu biyu a rana. Zuwa farkon Yuli jimillarsu ta haura dubu ɗari, watau in aka kwatanta da yawan jama'a, Ƙatar tana cikin ƙasashen da cutar ta fi bazuwa a duniya. Amma waɗanda suka rasu a lokacin ba su kai ɗari biyu ba, saboda yawancin jama'ar matasa ne, an yi gwaji da yawa, asibitoci kuma ba su cika sun tumbatsa ba. Na farkon da ya rasu, ran 28 ga Maris, baƙo ne ɗan Bangladesh mai shekara 57. Daga 15 ga Yuni aka fara buɗe masallatai da kasuwanni daki-daki. A ƙarshen Agusta kuma aka kafa dokar albashi mafi ƙanƙanta, Riyal dubu ɗaya a wata ban da kuɗin abinci da na masauki, aka kuma ba ma'aikaci damar sake wurin aiki ba tare da izinin maigidansa ba. An daɗe ana shirin wannan gyara tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, amma annobar ta nuna wa kowa dalilin gaggauta shi.

Masu sauraro, Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓacin da ta sa saboda korona a watan Mayu na 2023, amma masana ba su taɓa cewa ita ce annoba ta ƙarshe ba. Abin da ya faru a Doha ya nuna cewa kowane tsoro da maganinsa. Mai tsoron yunwa ya natsu da ya ga kanti cike, mai tsoron saɓon Allah ya natsu da ya ji bayanin malamai, mai tsoron cuta ya natsu da ya ga ƙofar asibiti a buɗe. Wanda ya fi daɗewa cikin zullumi shi ne mutumin da ke kan gadon sama a Sana'iyya, wanda aka ce ya nisanci jama'a alhali mutum tara ne ke numfashi tare da shi. Daga ɗakinsa ne kuwa cutar ta fi yaɗuwa. Duk hukumar da ke shirin tarbar annoba ta gaba, a Doha take ko a Kano ko a Maraɗi, daga irin wannan ɗaki ya kamata ta fara lissafi. Allah ya kiyashe mu, amin.