Takardar albashi madubin gomnati ce

Ga jawabin da wakilinmu na jahar Maraɗi ya gabatar a garin Ɗan Isa, cikin gundumar Madarumfa, gaban taron ƴan kasuwa da ma'aikatan gomnati.

Iyayena dattawa, alhazai ƴan kasuwa, malamai da sauran ma'aikata, ina gaishe ku tare da neman ahuwa, domin yaro zai yi magana gaban manya.

Ina ɗan ƙarami lokacin da ake ƙirga bashin albashi da watanni a ƙasar nan. Mahaifina malamin lakwal ne. Abin da na fi tunawa shi ne wani littafi mai baƙin bango da ke kantin unguwarmu, inda ake rubuta mana tiyar hatsi da kwalbar mai. Mai kantin bai taɓa shiga aji ba, amma ya san wanda yake bi, da nawa, da ranar da aka yi alkawari. Da na girma sai na tambayi kaina: shin gomnati ta san ma'aikatanta kamar yadda wannan bawan Allah ya san masu cin bashinsa?

Ku da kuka ga zamanin kun fi ni sani. Bayan taron ƙasa na 1991 an samu ƴancin magana da jam'iyyu barkatai, amma baitulmali wayam. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kaya suka yi tsada, ƙungiyar ƙwadago ta USTN tana fita daga wannan yajin aiki tana shiga wancan. Gomnatoci suka yi ta sauyawa, bashin yana nan, har a farkon shekarun 2000 aka biya wasu ma'aikata da filaye a madadin kuɗinsu. Faɗuwar farashin uraniyom da janyewar masu ba da tallafi su ne manyan dalilai. Amma akwai wani ciwo da ya daɗa tsananta abin: ana biya bisa jerin sunaye da ba kowa ke iya rantsuwa a kansa ba.

Yau sunayen suna cikin kwamfuta. Sai dai har yanzu da yawa daga cikinmu suna ɗaukar takardar albashi a matsayin aikin ƙarshen wata kawai: a buga, a biya, a ajiye. Alhali kuwa duk wanda ya iya yi mata tambaya, za ta ba shi amsa. Ga tambayoyi huɗu.

Ta farko: wa ake biya? In aka gwama jerin albashi da na bankuna da rajistar mamata, nan take za a ga suna biyu masu asusu ɗaya, ko mamacin da bai daina karɓar kuɗi ba. Maƙwabtanmu na Najeriya, da ke nan bayan Jibiya, sun gwada. A 2007 suka soma tsarin IPPIS na tattara albashin ma'aikatan tarayya wuri guda. A watan Fabrairu na 2016 ma'aikatar kuɗinsu ta bayyana cewa ta soke sunaye 23,846 na ma'aikatan bogi, bayan ta gwama jerin da lambar shaidar banki ta BVN, abin da ya rage mata naira miliyar 2.29 kowane wata. A nan gida ma, hukumar HALCIA da aka kafa a 2011 ta bankaɗo malaman kwantiragi da babu su sai a takarda. Ku yi lissafi da kanku. A ce ɗan bogi guda yana cin jika 100 a wata. A shekara ya lashe miliyan 1 da jika 200. In sun kai ɗari fa?

Ta biyu: ina wanda ake biyan yake? Takarda za ta ce an tura malami ko unguwarzoma wani ƙauye na ƙaramar hukumar Ɗan Isa, alhali mutumin yana zaune Maraɗi. In aka aza jerin albashi kan yawan ƴan makaranta da na masu zuwa likita, sai a ga inda ma'aikata suka cunkushe da inda aji ɗaya ke jiran malami tun farkon shekara.

Ta uku: wa zai tafi? Ranar haihuwar kowane ma'aikaci da ranar ɗaukarsa aiki suna rubuce. Ke nan ana iya sanin malamai nawa da ma'aikatan lafiya nawa za su yi ritaya nan da shekara 5, a fara horar da magadansu tun yanzu. Da sanyin safiya ake kama fara.

Ta huɗu: za mu iya biya? A 1999 ƙasashen UEMOA suka shata ma'auni cewa kada albashi ya wuce kashi 35 cikin ɗari na kuɗin haraji. Ko mutum ya yarda da wannan adadi ko bai yarda ba, hikimar a fili take: kafin minista ya sa hannu kan ƙarin albashi ko ɗaukar sabbin ma'aikata, a nuna masa nauyin abin cikin shekaru masu zuwa. Alkawarin da ba a auna ba shi ne ke zama bashi.

Alhazai, kada ku ce wannan magana ta ƴan biro ce. Harajin da kuke biya a duwan da kasuwa shi ke zama albashi, albashin kuma shi ke dawowa kantunanku. Kun ga yadda garin nan ya yi tsit lokacin da Najeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. In iyaka ta rufe, kuɗin duwan ya ragu, kuma ma'aikaci ne ke zama babban mai sayayya. Jinkirin mako biyu a albashinsa, a littafin bashinku yake sauka.

To, amma kada in sayar maku da abin da ban gwada nauyinsa ba. Kwamfuta tulu ce, abin da aka zuba mata shi take bayarwa. A Najeriyar da na ambata, malaman jami'a sun yi shekaru suna kukan cewa IPPIS na yanke masu haƙƙi, har aka cire jami'o'i daga tsarin a ƙarshen 2023. A 2022 kuma hukumar EFCC ta kama babban akantan ƙasar bisa zargin karkatar da miliyoyin dubbai. Ashe in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari: tattara kuɗi hannu ɗaya ba tare da mai sa ido ba, sauƙaƙa wa ɓarawo aiki ne. Haka nan harafi ɗaya da aka rubuta ba daidai ba yana iya mayar da malamin gaskiya ɗan bogi, ya share watanni yana zarya zuwa Yamai. Jerin sunaye kuma kada ya zama makamin farautar ƴan adawa ko shugabannin ƙwadago.

Saboda haka abu uku nake kira mu nema. A riƙa fitar da rahoto kowane wata uku, jaha bayan jaha, mai nuna yawan ma'aikata da jimillar kuɗinsu da ranar da aka biya, ba tare da tona albashin kowa ba. A riƙa liƙa sunayen waɗanda aka turo aiki a ƙofar kowace makaranta da gidan likita, domin mutanen gari sun fi kowace na'ura sanin wanda ke zuwa aiki. Sa'annan duk wanda aka tsayar wa albashi a saurare shi a Madarumfa ko Maraɗi cikin wa'adi sananne, da wakilin ƙungiyarsa a zaune.

Mai kantin unguwarmu ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Ranar da mahaifina ya biya shi ragowar bashi, a gabansa ya buɗe littafin, suka duba layi bayan layi kafin ya ja alƙalami ya soke. Irin wannan buɗe littafi muke roƙon hukuma ta yi mana.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.