Launin Fatarmu Ba Aibi Ba Ne: Jawabin Ma'ajin Ƙungiya a Taron Zagayowar Shekara

 

An ce in yi bayanin ribar bana. Zan yi, amma ku yi mini afuwa in fara da abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Bara aka zo neman auren ɗiyar ƙanwata. Yarinya mai hankali, ta yi sauka, ta iya ɗinki. Da gwaggon yaron ta gan ta, sai ta ce, "Ba laifi, sai dai ta yi duhu." Shi ke nan magana ta watse. Bayan wata uku na tarar da ita fuska fari fat, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, kumatu duk sun ƙone. Ku lura fa, mace ce ta faɗi kalmar nan.

Maza su ce "fara ko mayya ce", mu kuma mu yi dariya. A haifi jaririya, tun ran barka ana leƙa kunnenta a ga kalar da za ta yi. Zamanin Turawa, fina-finan Indiya da tallace-tallace sun daɗe suna cusa mana cewa haske shi ne kyau. Ita kanta Indiya, sai a 2020 aka sauya sunan man Fair & Lovely saboda ƙorafin jama'a.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ba da rahoton cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na shafa man ƙara haske. A 2023 NAFDAC ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan bilicin. Wasu mayukan akwai zaiba a ciki, mai lalata ƙoda, tana kuma isa ga jariri ta nono. Wasu sukan sa fata ta yi laushin banza, idan an yi tiyatar haihuwa ɗinki ya daɗe bai warke ba.

To ga roƙona. Mu masu haɗa sabulu da man shafawa, za a zo a ce, "Hajiya, a sa mai ƙarfi." Wallahi akwai kuɗi, na sani. Amma kada a samu mai haɗi a shagon 'yar ƙungiyar nan. Man kaɗanyarmu ya ishe mu. Sannan mu kama bakinmu a gaban 'ya'yanmu, musamman mu masu shirin zama surukai.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ƙara wa ƙungiya albarka. Yanzu sai lissafi.