Hoton Takarda Ba Karatu Ba Ne Ga Makaho: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Iyaye Na Dubeli

 

Abin da ya tara mu yau ƙarami ne a ido, amma yana iya hana yaro digiri. A da, ɗalibi kan je wajen masu fotokwafi ya sayi takardun darasi. Yanzu kuwa, musamman tun da annobar korona ta rufe makarantu a 2020, malami kan tura darasin ne ta WhatsApp ko shafin jami'a. 'Ya'yanmu da ke tsallake gadar Binuwai zuwa Jami'ar Modibbo Adama a Girei, da na Jami'ar Jiha a Mubi, da masu karatu daga gida a jami'ar NOUN, kusan duk littafinsu ya koma cikin waya.

To, ina ɗanmu makaho? Iyaye da yawa ba su san cewa waya na iya yi masa karatu ba. Wayar Android na da manhajar TalkBack, kwamfuta kuma akwai NVDA, wadda kyauta ce. Suna karanta masa rubutu da murya, layi bayan layi. Sharaɗin ɗaya ne: rubutun ya zama wanda aka buga da kwamfuta. Idan aka ɗora takarda a kan tebur aka ɗauki hotonta aka tura, to shi an tura masa bango ne. Akwai manhajojin da ke ƙoƙarin zaƙulo rubutu daga hoto, amma in rubutun hannu ne, ko lissafi, ko hoton ya karkace, sai su yi ta kwaɓa. Daga nan yaro ya koma roƙon abokai su karanta masa, su kuma ranar da jarrabawa ta matso kowa ta kansa yake yi. Haka kurma yake idan aka tura lacca da saƙon murya ba rubutu.

Mu a ganinmu yawancin malamai ba mugunta suke yi ba. Babu wanda ya taɓa faɗa musu ne. Sau da yawa ma asalin rubutun na nan cikin kwamfutarsu, tura shi bai kai minti ɗaya ba.

Sai dai kada mu je da ƙoƙon bara, domin haƙƙi ne. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba su 'yancin neman ilimi ba tare da wariya ba, ta kuma kafa musu hukuma ta ƙasa. Idan aka ce muku littafi na da haƙƙin mallaka, ba a iya juya shi, ku sani Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Marrakesh a 2017, kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta halatta a mayar da littafi yadda makaho zai iya karantawa, muddin ba don riba ba ne. Waɗannan dokokin tarayya ne. Ba su tambayi takardar shaidar ɗan asalin jiha ba, balle garin da kakan yaro ya fito.

Hukumar JAMB ma tun 2017 take shirya wa makafi jarrabawa ta musamman. Ke nan an buɗe musu ƙofar zaure, saura a ba su tabarma.

Abin da muke so kowane gida ya yi shi ne, tun makon farko na zangon karatu, ɗalibin ya rubuta wa shugaban sashensa wasiƙa. Ya faɗi lalurarsa, ya nemi a riƙa ba shi darasi a rubuce cikin Word ko PDF na ainihi, tare da bayanin abin da ke cikin zane ko jadawali. A sa masa hannu a kwafi ya ajiye, domin maganar baka iska ce. In shiru ya yi yawa, a je ofishin kula da harkokin ɗalibai, daga nan Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda ke da ofishi a nan Yola.

Duk wanda ke da ɗa ko 'ya a wannan hali, ya tsaya bayan addu'a. Matasanmu biyu sun zo da kwamfuta, za su rubuta wasiƙar, su kuma kunna wa mai so TalkBack a wayarsa.