"SANNU DA AIKI" BA TA RAGE JARI

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da wani malami ya gabatar wa matasa 'yan kasuwa a wata makarantar Islamiyya da ke Illela, a jajibirin ranar kasuwa.

Bayan godiya ga Allah (T) da salati ga Manzo (S), Malam ya fara da tambayar 'yan uwa: wane ne a cikinsu ya taɓa yi wa ɗan dakon da ya sauke masa buhun albasa addu'a? Ya ce duk Lahadi kasuwar Illela kan cika da mutanen Kwanni da Sakkwato da 'yan Kudu masu sayen shanu, amma waɗanda suka fi kowa shan rana, wato ɗan dako da mai baro da yaron mota, su suka fi kowa shan zagi. In sun yi kuskure sau ɗaya kowa sai ya ji, in sun yi daidai sau ɗari sai shiru.

Malam ya ce wannan ba tarbiyyar Musulunci ba ce, domin Manzon Allah (S) ya ɗaure godiya ga Allah da godiya ga mutane. Ya kawo misalin Anas ɗan Malik, wanda ya yi wa Manzo hidima shekara 10 bai taɓa jin tsawa daga gare shi ba. Haka nan a yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira, Salmanul Farisi ne ya kawo shawarar haƙa gwalalo, Manzo kuma ya ɗaukaka shi a gaban jama'a har ya lissafa shi cikin mutanen gidansa.

Daga nan sai Malam ya tuna wa 'yan uwa rufe iyaka da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da wanda aka sake yi a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, lokacin da manyan motoci suka yi layi da kaya. Ya ce a irin wannan ƙunci ake gane uban gidan da ya riƙe yaransa da mutunci. Yaron da aka saba yaba masa yakan yi haƙuri da ɗan abin da ya samu, wanda kuwa aka saba wulaƙantawa, da ciniki ya tsaya sai ya kama gabansa, ko ya ci amana.

Sai dai Malam ya ja kunne a kan abu biyu. Na farko, yabo daban bambaɗanci daban. A faɗi ainihin abin da yaro ya yi, kamar "lissafinka na jiya ya cika cif", kada a zuba masa kirarin ƙarya. Na biyu, daɗin baki ba ya maye gurbin haƙƙi. Wanda ya ce "sannu da ƙoƙari" alhali ya danne ladan ɗan dako har gumi ya bushe, to yaudara ya yi, kuma Allah zai tambaye shi.

Ya kuma ce yara ma da nasu nauyin, wato su gode wa wanda ya koya musu sana'a ko ya ba su jari.

A ƙarshe ya nemi kowane ɗan uwa, kafin kasuwar gobe ta watse, ya samu mutum ɗaya da ke yi masa aiki, ya biya shi a kan kari, ya yaba masa a gaban mutane. An tashi da addu'a.